Tarihin Havildar Ishar Singh da yaƙin Saragarhi na 1897

A safiyar Lahadi, 12 ga watan Satumba na shekarar 1897, wasu sojoji 21 mabiya addinin Sikh da ke aiki a rundunar Birtaniya ta Indiya suka wayi gari dubban mayaƙan ƙabilar Pashtun sun yi musu ƙawanya a wata 'yar tunga da ke kan tsaunin Samana, a yankin da yanzu yake cikin ƙasar Pakistan.

Babu Bature ko guda a cikinsu. Jagoransu shi ne Havildar Ishar Singh, wanda muƙaminsa yake daidai da na saje.

An kwashe kimanin sa'o'i shida ana ɗauki-ba-daɗi, kuma kafin la'asar dukkansu sun kwanta dama, ba tare da wani daga cikinsu ya miƙa wuya ba.

Wannan fafatawa, wadda aka fi sani da yaƙin Saragarhi, ƙarama ce idan aka kwatanta ta da manyan yaƙe-yaƙen zamanin mulkin mallaka. To amma fiye da shekaru 125 bayan aukuwarta, ana ci gaba da tunawa da ita a Indiya da Birtaniya, ana kuma ci gaba da muhawara a kan abin da mutanen suka sadaukar da rayukansu dominsa.

Asalin 'yan Sikh

Addinin Sikh ya samo asali ne a lardin Punjab daga koyarwar Guru Nanak, wanda aka haifa a shekarar 1469. Mabiyansa sun yi imani da Ubangiji ɗaya, ba sa bautar gumaka, kuma sun yi jagorori goma ɗaya bayan ɗaya kafin jagoranci ya koma ga littafinsu, Guru Granth Sahib.

A ƙarni na 17 dangantaka ta yi tsami tsakaninsu da sarakunan daular Mughal, inda aka kashe jagoransu na biyar a 1606 da kuma na tara a 1675. Hakan ya sa jagora na goma, Guru Gobind Singh, ya kafa ƙungiyar Khalsa a 1699, wadda ta haɗa ibada da horon yaƙi.

Daga nan ne aka san mazajensu da barin gashi ba aski, da naɗa rawani, da sanya awarwaron ƙarfe, da rataya wuƙa. Kowane namiji kuma ya ɗauki sunan Singh, wato zaki.

A 1799 Ranjit Singh ya kama birnin Lahore, ya kafa daular Sikh wadda ta bunƙasa har ta haɗe Peshawar a 1834. Dakarunsa sun sha karawa da Afganawa da ƙabilun Pashtun, kuma shahararren kwamandansa, Hari Singh Nalwa, ya rasa ransa ne a yaƙin Jamrud na 1837, a bakin mashigin Khyber.

Ke nan tun kafin zuwan Turawa yankin akwai tsohuwar jiƙaƙƙiya tsakanin ɓangarorin biyu da suka haɗu a Saragarhi.

Daga abokan gaba zuwa sojojin Sarauniya

Bayan mutuwar Ranjit Singh a 1839, rikicin gadon sarauta ya raunana daular. Turawan Ingila suka gwabza yaƙi biyu da ita, na farko daga 1845 zuwa 1846, na biyu daga 1848 zuwa 1849, daga ƙarshe suka mallake Punjab baki ɗaya.

Turawan sun ji jiki a waɗannan yaƙe-yaƙe, don haka ba su yi wata-wata ba suka fara ɗibar 'yan Sikh aikin soja. A lokacin babban boren 1857, wanda sojojin Indiya da dama suka juya wa Turawa baya, akasarin sojojin Sikh sun tsaya tare da su.

Bayan boren sai hukumomin mulkin mallaka suka ɓullo da ra'ayin cewa akwai wasu al'ummomi da aka halitta domin yaƙi. Suka riƙa fifita 'yan Sikh da Gurkha da Musulmin Punjab da ma su kansu 'yan Pashtun wajen ɗaukar kurata. Ga ɗan manomi a ƙauyen Punjab, aikin soja na nufin albashi tabbatacce, da fansho, da daraja a idon jama'a.

A 1887 aka kafa rundunar Sikh ta 36 a garin Jalandhar, musamman domin aiki a kan iyakar arewa maso yamma.

Iyakar da ta ƙi kwanciya

Babbar damuwar Birtaniya a wancan zamani ita ce kada Rasha, wadda ke ta mamaye ƙasashen tsakiyar Asiya, ta ratsa Afghanistan ta iso Indiya. Saboda haka ta riƙa kutsawa cikin tsaunukan da ke tsakani, tana gina hanyoyi da sansanoni.

A 1891, bayan farmakin da aka kai wa ƙabilar Orakzai, Turawa suka kafa jerin sansanoni a kan tsaunin Samana, wanda ke kallon kwarin Miranzai da garin Hangu. A 1893 kuma Sir Mortimer Durand ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Afghanistan, Abdur Rahman Khan, aka shata iyakar da ake kira layin Durand, wadda ta raba ƙasar Pashtun gida biyu.

Ƙabilun tsaunukan, waɗanda ba su saba biyayya ga wani sarki na waje ba, sun ɗauki wannan a matsayin yunƙurin raba su da 'yancinsu. Daɗin daɗawa, an ƙara harajin gishirin da ake haƙowa a Kohat, abin da ya shafi kowane gida.

A 1897, shekarar da ake bikin cikar Sarauniya Victoria shekaru 60 a kan gadon sarauta, wutar ta kama. An fara ne da kwarin Tochi a watan Yuni, sannan Malakand a watan Yuli, inda wani malami da ake kira Saidullah ya yi shelar jihadi. Labarin nasarar da Daular Usmaniyya ta samu a kan Girka a wannan shekara ya ƙara wa mutane ƙwarin gwiwa.

A watan Agusta ƙabilar Afridi ta ƙwace sansanonin mashigin Khyber. Sojojin da ke gadin wuraren, wato rundunar Khyber Rifles, su ma 'yan Afridi ne Musulmi, kuma wasunsu sun yi faɗa da 'yan uwansu na jini kafin a ci ƙarfinsu.

Daga nan Afridi da Orakzai suka haɗa kai suka fuskanci Samana.

Wane ne Ishar Singh?

An haifi Ishar Singh a wajajen shekarar 1858 a ƙauyen Jhorran da ke kusa da Jagraon, a gundumar Ludhiana ta Punjab. Ya shiga soja tun yana matashi, ya yi aiki a dakarun iyaka na Punjab, sannan aka mayar da shi rundunar Sikh ta 36 lokacin da aka kafa ta.

A tsarin sojan Indiya na wancan lokaci, Turawa ne ke riƙe da manyan muƙamai. A ƙarƙashinsu akwai hafsoshi 'yan ƙasa da ake kira subedar da jemadar, sai havildar, sai naik wanda yake daidai da kofur, sannan sepoy, wato kurtu. Havildar shi ne ke kwana ya tashi da sojoji, shi ke horar da su, shi ya san halin kowa.

Marubuta tarihin soja sun bayyana Ishar Singh a matsayin mutum mai tsayawa a kan ra'ayinsa, wanda hakan ya sha haɗa shi da na gaba da shi, amma sojojin da ke ƙarƙashinsa suna matuƙar ƙaunarsa. Yana da kimanin shekaru 40 a duniya lokacin da aka damƙa masa Saragarhi.

Akan rikita shi da wani sojan mai suna Ishar Singh, wanda a 1921 ya zama ɗan Sikh na farko da ya samu lambar yabo ta Victoria Cross saboda bajintar da ya nuna a Waziristan. Suna ne kawai ya zo ɗaya.

Tungar madubi

Manyan sansanoni biyu ne a kan tsaunin Samana. Akwai sansanin Lockhart a gabas, inda kwamandan rundunar, Laftanar Kanar John Haughton, yake zaune, da kuma sansanin Gulistan a yamma, a ƙarƙashin Manjo Charles Des Voeux. Kowannensu sojojin da ke cikinsa ba su kai 200 ba.

Tazarar da ke tsakaninsu kimanin kilomita biyar ce, amma wani tudu ya shiga tsakani, don haka na wannan ba sa hango na wancan. Wayar tangaraho kuwa ba abar dogaro ba ce, domin mayaƙan ƙabilu kan tsinke ta.

Abin da ya rage shi ne na'urar madubi. Madubi ne da ake kafawa a kan ƙafafu uku, ana walƙa hasken rana da shi, wani gajere wani dogo, bisa tsarin alamomin Morse, wanda ke can nesa kuma ya karanta saƙon. Sharaɗinta shi ne a samu rana, kuma a riƙa ganin juna.

Wannan ne dalilin gina Saragarhi a kan tudun da ke tsakiya. Ɗan ƙaramin gini ne na dutse, mai ganuwa da aka huhhuda domin saka bakin bindiga, da hasumiyar aika saƙo, da ƙofar katako. Duk saƙon da zai tashi daga Lockhart zuwa Gulistan sai ya bi ta nan.

A ƙarshen Agusta da farkon Satumba an kai wa Gulistan hare-hare, aka kore su. Ganin haka aka ƙara yawan masu gadin Saragarhi suka zama 21: havildar ɗaya, da naik Lal Singh, da mataimakin naik Chanda Singh, da kurata 18. Tare da su akwai wani ma'aikacin sansani wanda ba soja ba, mai suna Dad.

Bindigar da ke hannunsu ita ce Martini-Henry, wadda ake ɗura wa harsashi ɗaya a harba a sake ɗurawa. Sabuwar bindiga mai cin harsasai da yawa, Lee-Metford, sojoji Turawa kaɗai ake bai wa, domin tun bayan boren 1857 ba a yarda sojan Indiya ya riƙe makami irin na Bature ba.

Ranar gumurzu

Da yake babu wanda ya tsira daga cikin tungar, abin da aka sani game da wannan rana ya fito ne daga hanyoyi uku: saƙonnin da mai kula da madubi, Sepoy Gurmukh Singh, ya riƙa aikawa, da abin da aka hango da tabaron hangen nesa daga sansanonin biyu, da kuma bayanan da su kansu maharan suka bayar daga baya.

Da misalin ƙarfe tara na safe mayaƙan suka kewaye Saragarhi, wasu kuma suka tare hanyoyin da ke zuwa Lockhart da Gulistan. Gurmukh Singh ya sanar da Kanar Haughton halin da ake ciki. Amsar da ta dawo ita ce babu halin aiko da ɗauki nan take, sai dai su riƙe wurin.

Haughton na cikin tsaka mai wuya. Idan ya kwashe sojojinsa ya fita, Lockhart zai faɗi, kuma waɗanda zai fita da su ba za su iya ratsa dubban mayaƙa a fili ba.

Ruwayoyin rundunar sun ce maharan sun yi wa Ishar Singh tayin ya miƙa wuya a bar shi da mutanensa da ransu, amma ya ƙi, sojojinsa kuma suka goyi bayansa.

An yi yunƙurin farko na afka wa ganuwar, ruwan harsasai ya mayar da maharan baya, suka bar gawarwaki a fili. Sai dai a cikin wannan ruɗani mutum biyu sun laɓe a gindin bango, a wata kusurwa da bakin bindiga ba ya kaiwa, suka shiga haƙa.

Manjo Des Voeux ya hango su daga Gulistan, ya yi ta ƙoƙarin gargaɗin mutanen Saragarhi da madubi, amma saƙon bai isa ba. Maharan sun cinna wa ciyayi da ƙirare wuta, hayaƙi ya turnuƙe wurin.

Sepoy Bhagwan Singh ne aka fara kashewa daga cikin masu tsaron, Naik Lal Singh kuma ya samu mummunan rauni. Maharan suka mayar da hankali ga ƙofar katakon, suna yi mata luguden wuta, suna kai hari suna komawa. Duk sojan da ya faɗi, babu mai maye gurbinsa, harsasai kuma sai raguwa suke yi.

Da tsakar rana Haughton ya tura wani hafsa da 'yan sojoji kaɗan su yi harbi daga nesa ko za su janye hankalin maharan, amma hakan bai yi tasiri ba.

Wajen ƙarfe uku na yamma ɓangaren bangon da ake haƙa ya rufta. Da masu tsaron suka juya domin toshe kafar, sai ƙofa ta rasa isassun masu kare ta, aka ɓalle ta. Faɗa ya koma na jiki da jiki, da takubba da wuƙaƙen bakin bindiga.

A nan ne, bisa ruwayar da ta fi shahara, Ishar Singh ya umarci sauran mutanensa su ja da baya zuwa ɗakin ciki, shi kuwa ya tsaya a bakin kafar shi kaɗai yana tare maharan, har aka kashe shi.

Haughton ya fito da kansa da wasu sojoji a yunƙuri na ƙarshe, amma bai yi nisa ba ya ga aikin gama ya riga ya gama, ya koma.

Gurmukh Singh ne na ƙarshe. An ce ya nemi izini a saƙonsa na ƙarshe ya ajiye madubi ya ɗauki bindiga, aka ba shi. Ya kulle kansa a ɗaki yana harbi yana kirarin yaƙi na 'yan Sikh, kuma maharan ba su iya kaiwa gare shi ba sai da suka cinna wa ginin wuta. An ruwaito cewa ya kashe kimanin mutum 20.

Abin da sa'o'i shida suka haifar

Bayan sun rusa Saragarhi, mayaƙan sun juya kan Gulistan, inda baya ga sojoji akwai matar Manjo Des Voeux da 'ya'yansa ƙanana. Amma sun ɓata kusan yini guda, sun kuma yi asarar mutane da harsasai masu yawa.

An yi wa Gulistan ƙawanya har kwana biyu. A ranar 13 ga wata, wasu sojojin Sikh ƙarƙashin Havildar Kala Singh suka fita daga ganuwa suka afka wa wani ramin maharan da ke dab da bango, suka ƙwato tutoci uku. Kala Singh ya mutu sakamakon raunin da ya samu.

A ranar 14 ga Satumba dakarun agaji ƙarƙashin Janar Yeatman-Biggs suka iso da bindigogin igwa da ake ɗorawa a kan alfadarai. Suka yi wa tudun Saragarhi ruwan wuta, suka sake karɓe shi, sannan suka kuɓutar da Gulistan.

Masana tarihin soja da dama na ganin jinkirin da Ishar Singh da mutanensa suka jawo ya taimaka matuƙa wajen tsirar Gulistan.

An ƙona gawarwakin sojojin bisa al'adar addininsu, aka tara duwatsun rusasshiyar tungar aka yi tsibi a wurin domin tunawa da su.

Alƙaluma da ƙarin gishiri

Rahotannin Turawa na lokacin sun ƙiyasta yawan mayaƙan da suka hau Samana da dubu 10 zuwa dubu 12, wasu ma sun kai su sama da haka. Ƙiyasi ne da aka yi daga nesa, ta hanyar ƙirga tutoci, kuma ba dukkansu ne suka shiga harin Saragarhi ba, tun da wasu na tsare da hanyoyi.

Su kansu 'yan ƙabilun sun amsa cewa an kashe musu mutum kusan 180, baya ga masu raunuka. Adadin 600 da wasu ke ambata ya haɗa da waɗanda igwa ta hallaka a ranar da aka sake karɓe wurin.

Akwai kuma labarai biyu da suka yaɗu ƙwarai: cewa 'yan majalisar dokokin Birtaniya sun miƙe tsaye suna tafi da jin labarin, da kuma cewa hukumar UNESCO ta sanya yaƙin cikin jerin manyan labaran jarumta takwas na duniya. Masu bincike, ciki har da marubuci ɗan Birtaniya Jay Singh-Sohal wanda ya wallafa littafi kan Saragarhi a 2013, sun duba kundayen tarihi ba su ga abin da ke tabbatar da ko ɗaya ba.

Ramuwar gayya a Tirah

A watan Oktoba na 1897 Birtaniya ta tura dakaru kimanin dubu 35 zuwa tsaunukan Tirah, mazaunin Afridi da Orakzai, ƙarƙashin Janar Sir William Lockhart, wanda sansanin Lockhart ke ɗauke da sunansa. Akasarin dakarun 'yan Indiya ne.

An ƙona ƙauyuka, an rusa hasumiyoyin gidaje, an kwashe hatsi da dabbobi a daidai shigowar hunturu. Sojojin Birtaniya ma sun ɗanɗana kuɗarsu, domin sun yi asarar sama da mutum dubu tsakanin matattu da masu rauni. Kanar Haughton kansa an kashe shi a ƙarshen watan Janairu na 1898, yana kare bayan sojojinsa a lokacin da suke ja da baya.

Zuwa watan Afrilu na 1898 ƙabilun sun biya tara, sun miƙa ɗaruruwan bindigogi, amma Turawa ba su zauna a Tirah ba. A 1901 aka ware yankin iyakar ya zama lardi na musamman, wanda Pakistan ta sauya wa suna zuwa Khyber Pakhtunkhwa a 2010.

Karramawa da tunawa

An karrama dukkan sojojin 21 da lambar yabo ta Indian Order of Merit, aka kuma bai wa iyalansu fansho. Ita ce lamba mafi girma da sojan Indiya zai iya samu a lokacin, domin ba a fara ba su Victoria Cross ba sai daga 1911. Wanda ya fara samun ta shi ne Khudadad Khan, Musulmi ɗan Punjab, a 1914.

An gina wuraren ibadar Sikh guda biyu domin tunawa da su, ɗaya a Amritsar a 1902, ɗaya a Ferozepur a 1904, aka kuma kafa ginshiƙin dutse mai ɗauke da sunayensu kusa da sansanin Lockhart.

Da aka raba ƙasa a 1947, filin yaƙin ya faɗa cikin Pakistan, rundunar kuma ta koma hannun Indiya, inda a yau ake kiranta bataliya ta huɗu ta rundunar Sikh. Kowace ranar 12 ga Satumba rundunar na gudanar da bikin Ranar Saragarhi.

A 2019 masana'antar fina-finan Indiya ta fitar da fim mai suna Kesari, inda Akshay Kumar ya fito a matsayin Ishar Singh. A ranar 12 ga Satumba na 2021 kuma aka ƙaddamar da mutum-mutumin tagulla na Ishar Singh a unguwar Wednesfield ta birnin Wolverhampton a Ingila, wanda al'ummar Sikh ta wurin ta tara kuɗin yin sa.

Domin wa suka mutu?

Babu mai jayayya a kan jarumtar mutanen Saragarhi, har ma a cikin waɗanda suka yaƙe su. Inda ake saɓani shi ne fassarar abin da ya faru.

Ga 'yan Sikh da dama, Ishar Singh ya cika alkawarin da Khalsa ta ginu a kansa ne, na tsayawa a fagen fama komai yawan abokan gaba. Ga rundunonin Indiya da Birtaniya, misali ne na riƙon amana da biyayya ga umarni.

Masu suka kuwa na tunatar da cewa yaƙin na mulkin mallaka ne, kuma mutanen da suka kawo harin suna kare ƙasarsu ce daga baƙin da suka kafa sansani a kan tsaunukansu. Sun kuma yi nuni da cewa a birnin Amritsar, inda aka gina wurin tunawa da sojojin, a nan ne dakarun Janar Dyer suka buɗe wuta kan fararen hula a dandalin Jallianwala Bagh a 1919, inda alƙaluman hukuma suka ce mutum 379 sun mutu.

An kuma soki fim ɗin Kesari da ƙara abubuwan da ba su faru ba, da nuna 'yan Pashtun a matsayin marasa imani, da mayar da lamarin tamkar yaƙin addini zalla, alhali akwai dubban Musulmi a rundunar da Ishar Singh ke yi wa aiki.

Wannan tsari na cin ƙasa da hannun 'ya'yan ƙasashen da aka riga aka ci bai tsaya a Indiya ba. James Willcocks, wanda hafsa ne a dakarun da aka tura kwarin Tochi a 1897, shi ne Frederick Lugard, wato Gwamna Lugga, ya ɗauko ya zama mataimakinsa a sabuwar rundunar iyaka ta Afirka ta Yamma, wadda aka cika da kurata Hausawa da Yarabawa. A 1900 Willcocks ya jagoranci yaƙin Kumasi, inda sojoji Hausawa da wasu 'yan Sikh suka yi faɗa a sahu ɗaya. Wannan runduna ce ta ci Kano da Sakkwato a 1903.

A 'yan shekarun nan hankali ya fara komawa ga mutum na 22 da ya mutu a Saragarhi. Amarinder Singh, tsohon hafsa a rundunar Sikh wanda ya yi babban ministan jihar Punjab ta Indiya, ya jawo hankali ga Dad a littafin da ya wallafa kan yaƙin a 2017.

Da yake Dad ma'aikaci ne kawai, ba a ba shi lambar yabo ba, kuma ba a lissafa shi cikin mutum 21 da ake ambata duk shekara.